Shekarar da Na Raba Injin Nasiru

Na daɗe ina jin abin da kuke faɗa a bayan idona, domin kunnen hagu ne ya mutu, na dama yana nan da ransa. Kuna cewa Baba ya lalata injin kallon da babu irinsa daga Bebeji har Doguwa, ya yi masa gunduwa-gunduwa kamar ragon suna ya raba wa dangi. Har jikoki sun ɗauka. Ran nan na ji 'yar wajen Saratu tana gaya wa ƙawarta wai kakanta ya zaci sifika goro ce. To, tunda likita ya hana ni shiga kwalekwale, gwiwa kuma ta hana ni lambu, na sami biro da lokaci, zan rubuta yadda aka yi. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri. A aji huɗu na tsaya, kuma ba laifina ba ne. Makarantarmu tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga har yau, in akwai wanda ya ƙarasa karatun ajinmu, to karfasa ce.

Mu biyar ne wurin mahaifinmu. Yaya Delu ce babba, ita ta goye ni. Sai Yaya Sale, sai ni Garba, sai Ɗanladi, sai autarmu Hansai. A tsohon gari aka haife mu duka, wanda yanzu jirgin masunta ke bi ta saman rufinsa. Har gobe in na rufe ido ina ganin gidan. Idan ka zauna a ƙofar ɗakin Inna kana duban zaure, rumbuna suna damanka, tsamiya tana gabanka, kogi kuma yana hagunka ta baya, bayan danga, ba ka ganinsa amma kana jinsa yini guda kamar wani yana wanke ƙwarya bai gama ba. Da aka tare ruwa, manyan motoci suka zo suka kwashe mu. Yaya Delu ta bi dangin mijinta Dangora. Yaya Sale ya sami gona a Yako. Mu ƙanana muka zauna da iyaye a sabon matsuguni bakin ruwa, daga baya Ɗanladi ya bi haƙar kuza Riruwai, Hansai ta yi aure Tudun Wada. Ni ne na tsaya, na koyi kamun kifi, na koyi noman rani, ina duban ruwan nan ko zai gaji ya koma inda ya fito. Bai gaji ba.

Kada ku ce an yi faɗa. Ba a yi ba. Biki muna zuwa, rasuwa muna zuwa. Amma kun san yadda ake yi: maza a zaure, mata a cikin gida, ka leƙa ka durƙusa ka gaida yayarka cikin hayaniyar tukwane, kafin ta gama tambayarka iyali wata ta ja ta. Ɗanladi kullum yana duban rana don kada dajin Falgore ya yi masa duhu. Shi ya sa tun ranar da motocin nan suka ɗaga, mu biyar ba mu sake zama a ɗaki ɗaya ba. Ban ma lura ba sai da idon Yaya Delu ya tafi, jiki kuma ya fara ja da baya. Na je duba ta a Dangora, ta kama hannuna tana shafa shi kamar mai zaɓen wake.

"Garbati, fuskokinku na haƙura da su," in ji ta. "Muryoyin nake so. In ji ku duka a ɗaki ɗaya, kuna katse juna kamar da. Ka tara mini su tun ina ji."

Na ce an gama. Na buga wa kowa waya. Yaya Sale ya ce sai an cire amfanin gona. Ɗanladi ya ce sai rami ya yi sauƙi. Hansai ta ce surukarta na jego. Da aka cire amfanin gona, gwiwar Yaya Sale ta tashi, da gwiwa ta kwanta, babur ɗin Ɗanladi ya lalace. Kowa yana cewa in Allah ya yarda, kuma kowa da gaske yake. Yaya Delu kuwa tana ta ƙara sirancewa a kan gadonta.

Ana cikin haka kwalin ya iso. Nasiru, na ukunku, yana aiki a Fatakwal lokacin, ya riga ya sa mana sola da talabijin mai faɗi kamar ƙofar shago. Direba ya sauke wani kwali da sai da mutum biyu suka kama, ya ce Nasiru ya ce kada a buɗe sai ya zo hutu. Na yi biyayya har direban ya kai bakin titi. Sannan na ɗauko wuƙa.

Abin da na gani a ciki, ban ga irinsa ba ko a gidan shugaban ƙaramar hukuma. Injin di-bi-di ne, baƙi wuluk, mai nauyi kamar dutsen niƙa, fuskarsa tana sheƙi har na ga gemuna a ciki. In ka taɓa shi sai wata shuɗiyar fitila ta buɗe ido a hankali, in ka sake taɓawa ya miƙo maka harshe, santsi, babu ƙara, ya jira ka ɗora faifai, ya janye shi cikin ladabi kamar ɗan gidan mutunci yana karɓar sadaka. Rimot ɗinsa kuwa, maɓallansa sun fi haƙoran gidanmu yawa in an haɗa da na jikoki. A ƙarƙashinsa, kowacce cikin rigarta ta farar leda, ga sifika ƙanana guda biyar, da wata ƙatuwa guda ɗaya mai kama da turmi.

Yanzu ku tsaya ku yi mini adalci. Tun da na yi wayo, duk wanda ya dawo daga tafiya da abu mai yawa, rabawa ake yi. Mahaifinmu in ya je Kano ya sayo alewa, ba ya kai ta bakinsa sai ya ƙirga kawuna. Mutumin da ɗansa ya aiko masa da abu iri ɗaya har biyar, ya tara su a ɗakinsa shi kaɗai, alhali 'yan'uwansa na da rai, me za a kira shi a gari? Na tsaya a kan kwalin nan na ƙirga sifika, na ƙirga mu. Biyar da biyar. Na ce Nasiru yaron kirki, ya tuna da baffanninsa da gwaggonninsa, kunya ce ta hana shi faɗa. Uwarku Hajiya Rabi tana tsaye tana kallona.

"Malam, yaron nan cewa ya yi kada a buɗe."

"Ai ban buɗe ba, dubawa nake."

"To ni ina nawa rabon? Ko ni ba dangi ba ce?"

Na ce ta ɗauki ƙatuwar. Ta sa aka kai mata ita ƙofar kicin, ta shimfiɗa mata tsumma, ta mai da ita kujerar tankaɗe. Ta ce tsayinta daidai da ƙugunta, Turawa sun san ciwon baya.

Na naɗe huɗu cikin sabbin ƙyallaye, na bi motocin kasuwa na aika wa kowa tasa, da saƙon cewa tsarabar Nasiru ce. Na riƙe guda ɗaya, wadda ta fi tsawo a kwance. Haɗa ta bai ba ni wahala ba, don kowace waya da launinta, kowane rami a bayan injin da launinsa, ko akuya ta iya in an ba ta yatsu. Na sayo fayafayan fim a kasuwar Bebeji na zauna. Hoto dai, ba a magana. Kana ganin zufar goshin mutum, kana ganin zaren rigarsa. Murya kuma tas, kamar mai maganar yana zaune a kan tabarmarka. Sai dai wani abu: magana kaɗai ke fita. Mota ta kife a fim, ka ji ɗan ƙwas kamar an ajiye cokali. A yi kiɗan biki, ka ga mata na juyi, kiɗan yana can nesa kamar a wata unguwa. Na yi nazari a kan wannan, na gane cewa alamar tsada ce. Na gaya wa abokan hira a bakin ruwa cewa ƙananan injina ne ke ihu, babban inji kamar babban mutum yake, ba ya ɗaga murya. Suka ce haka ne, Alhaji. Wasu har sun zo sun gani sun tafi suna yabon natsuwarsa.

'Yan'uwa kuwa kowa ya bugo godiya. Na tambayi Yaya Sale ko tasa na aiki, ya ce lafiya lau, Allah ya yi wa yaro albarka. Ɗanladi ya ce tasa ba ta da matsala ko kaɗan. Hansai ta ce ta saka wa tata riga da zaren ulu ta sa ta a kabad tsakanin tangaran. Babu wanda ya ce mini akwatin nan ko tari bai taɓa yi ba, don ba a kushe kyauta. Daga baya na ji Yaya Sale ya kwana biyu yana juya tasa yana neman inda ake sa batir, da bai samu ba ya ɗora ta a kan taga, ya riƙa gaya wa mutanen Yako cewa da asuba take yi, ƙasa-ƙasa, sai mai kunne.

Nasiru ya zo hutu cikin bazara, lokacin da ruwan dam ya ja baya har kan tsamiyoyin da suka mutu a tsaye ya fara leƙowa. Ya gaishe mu, ya sha ruwa, ya shiga falo da fara'arsa yana naɗe hannun riga. Na bi shi a baya ina jiran yabo. Ya dubi injin, da na lulluɓe da sallaya don ƙura, ya yaye ta da sauri ya ce zafi zai kashe shi. Ya dubi sifika ɗaya tilo. Ya duba bayan kujera. Ya duba cikin kwalin.

"Baba, ina sauran?"

"Sun isa lafiya. Kowa ya gode."

"Sun isa ina?"

Na lissafa masa: Dangora, Yako, Riruwai, Tudun Wada. Na ce ƙatuwar kuma ya leƙa ƙofar kicin, uwarsa na kai.

Na zaci zai yi dariya, ko ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a ƙasa, ya dafa kwalin da babu komai a ciki. Can ya ce, a hankali, abin gaba ɗaya abu ɗaya ne. Biyu a gaba, biyu a baya, ɗaya a tsakiya, ƙatuwar a ƙasa, kowacce da abin da take faɗa, in babu 'yan'uwanta ba ta da amfani. Ya ce ya daɗe yana wucewa ta gaban shagon yana kallonsa, yana hana kansa abubuwa, don akwai wani faifai da ke zuwa tare da shi, wanda aka sa masa a shagon ya ji, tun ranar ya ce sai Baba ya ji wannan. Ya ce, Baba, ko sau ɗaya ba ka ji abin da na saya maka ba.

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Amma da ya ce gobe zai ɗauki mota ya bi gida-gida ya karɓo su, na ce a'a. Abin da na ba yayata da hannuna, in aika ɗana ya karɓo? Yaya Sale da ya tara mutanen Yako suna kallon taga, in sa a cire masa ita a gabansu? Na ce ko injin zai zama kurma har abada, ba za a yi haka da raina ba. Nasiru ya tashi ya fita, ya yi yininsa a bakin ruwa. Tuwon dare a ɗakin uwarsa ya ci. Da safe ya gaishe ni gaisuwar baƙo, daga bakin ƙofa.

Hajiya Rabi ce ta gaji da mu. Ta ce, ku biyun nan kai ɗaya gare ku, mai tauri, ku tashi ku kai ƙara wurin wadda ta fi ku. Muka shiga mota zuwa Dangora.

Mun sami Yaya Delu a zaune a gado, ta rame har awarwaronta yana kai wa gwiwar hannu. Sifikar tana gefen matashinta. Jikokinta suka ce kullum sai ta kara ta a kunne, wai tana jin wani huci a ciki kamar na bakin tulu. Nasiru ya durƙusa ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ni kuma ina gyara masa inda ya rage mini daraja. Ta saurara har ya gama, tana shafa akwatin.

"Wato su ma 'yan ɗaki ɗaya ne," in ji ta. "Su biyar."

"Eh, Gwaggo."

"Kuma in ba a tara su ba, ba sa magana."

"Haka ne, Gwaggo."

Ta yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. Ta ce, Nasiru, ubanka sakarai ne tun yana goye, amma wannan karon sakarcinsa ya yi rana. Ta ce ita dai ba ta mai da kyauta, ko da wuƙa. Amma babu wanda ya hana mutum kai kayansa ziyara. Ta ce a buga mata Sale. Ina riƙe da wayar a bakinta, na ji yadda muryarta ta koma ta da, irin wadda take kiranmu da ita daga bakin kogi.

"Sale, akwatin nan naka yana magana?"

"Yaya, da asuba yakan ɗan..."

"Ƙarya kake. Ranar Juma'a ka ɗauko shi ka kawo gidan Garba. A hannunka, kada ka aiko kowa, don wai sai mai shi na kusa yake yi. Yaro ya kashe dukiyarsa, kun bar shi yana kuka."

Nasiru ya buɗe baki zai ce ba haka injin yake aiki ba, kuma shi bai yi kuka ba. Na taka masa ƙafa. Haka ta bi Ɗanladi da Hansai. Abin da roƙona ya kasa yi shekara guda, kunyar yaro da akwati ta yi shi a zama ɗaya. Babu wanda ya ambaci gwiwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka cika. Yaya Sale a bayan ɗan acaba, ya rungume tasa a ƙirji kamar jariri. Ɗanladi tun da hantsi ya iso, tasa a buhun taki, ta yi jar ƙasa. Hansai da tata cikin rigar ulu, ta ce ba za a tuɓe mata ba. Yaya Delu kuwa Nasiru ne ya ɗauko ta a mota, ya shigo da ita falo a hannunsa, ya zaunar da ita a tsakiya, inda ya ce nan ne duk muryoyin ke haɗuwa. Ya ja wayoyi ta bin bango, ya kafa kowace sifika a kusurwarta, kowa kuma ya ja tabarma ya zauna gindin tasa yana gadi, kamar za a sace. Uwarku ta ce tunda haka ne ita ma a kan tata za ta zauna. Aka rufe tagogi saboda hasken rana. Zafi kamar a gasa gurasa. A tsakar gida matan unguwa sun shanya barkono da tumatir a kan tabarmi.

Nasiru ya ɗora faifan. Injin ya janye harshensa. Talabijin ya nuna wani daji kore, ban san ko na wace ƙasa ba ne, kuma babu wanda ya dame da shi, don abin ba a ido yake ba.

Da farko iska ce. Ta taso daga kusurwar Yaya Sale, ta ratsa ta kaina, ta wuce wurin Ɗanladi, har na ji kamar hulata ta motsa. Sai wani tsuntsu ya yi kira a bayanmu, wani ya amsa masa a gaba. Muka waiwaya duka, mu tsofaffi, muna neman tsuntsu a silin. Sai ɗigo. Ɗaya a nan, ɗaya a can, a kan ganye, a kan wani abu kamar jinka. Sannan aka yi tsawa daga ƙarƙashin uwarku. Ban taɓa sanin Hajiya Rabi na iya tsalle ba sai ran nan. A waje muka ji gudu da salati, mata na kwashe barkono suna kiran yara su shigo da shanya, ga rana tsaka ƙwal a sama. Ɗanladi ya yi dariya har ya kwanta.

Yaya Delu ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu, muka yi tsit. Ruwan ya sauko sosai yanzu, ya kewaye mu ta ko'ina, kuma a ƙarƙashinsa, daga baya ta dama, wani ruwan daban yana gudu a kan duwatsu.

"Nasiru, tsai da shi," in ji ta. "An sa kogin a inda ba nan yake ba."

"Gwaggo, haka takardar injin ta ce. Wannan ta dama ce."

"Takardar a garinmu aka haife ta? Kogi a hagu yake, bayan danga. Gyara."

Ya dube ni, na ɗaga masa gira. Ya zagaya bayan injin yana murmushi, ya musanya wayoyi biyu, ya mai da faifan farko. Kogin ya koma hagu, ya fito daga cikin rigar ulun Hansai.

Abin da ya biyo baya, ban san yadda zan rubuta shi da karatun aji huɗu ba. Na rufe ido don in ji irin yadda Yaya Delu ke ji. Sai falon ya tafi. Siminti ya zama ƙasa mai laima, na ji ƙanshinta, wallahi na ji. Ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, ruwan farko na shekara yana sauka, rumbuna a dama sun yi duhu, tsamiya na zubar da ɗigo manya-manya, kogi na wanke ƙwaryarsa a bayan danga. Ruwan da ya cinye garin nan shekara da shekaru, ga shi ya dawo ɗan ƙarami, yana zuba a kan jinka, mu kuma muna ciki a bushe. Yaya Delu ta fara magana, ba da ƙarfi ba, tana nuna kusurwoyi da yatsa. Nan ɗakin Baba. Nan turken jaki. Can gidan su Maiunguwa, can rijiyar da guga ya faɗa. Yaya Sale ya ce a'a, rijiyar tana gaba da haka. Ta ce rufe mini baki, kai da ka faɗa cikinta. Ɗanladi ya ce shi abin da ya tuna kawai, an ɗora shi a kan buhu a mota yana riƙe da zakara. Hansai ta ce ita ba ta tuna komai, aka taru a kanta ana ba ta labarin yadda ta ciji mai rubuta sunaye. Kowa na katse kowa. Faifan ya ƙare, Nasiru ya sake sa shi ba tare da an ce masa ba, ya koma bakin ƙofa ya zauna yana kallonmu. Da na buɗe ido na ga Yaya Delu ta jingina, ta daina magana, kanta na juyawa a hankali daga wannan murya zuwa waccan kamar mai shan inuwa.

La'asar ta yi, muka yi salla. Sannan Yaya Sale ya miƙe ya fara kwance wayar sifikarsa. Na ga fuskar Nasiru. Na san yana fata ko za a ce a bar su nan. Babu wanda ya ce, ni ma ban ce ba. Shi da kansa ya tashi ya taya baffansa naɗe waya, ya sa wa Ɗanladi tasa a buhu. Da zai ɗauki Yaya Delu zuwa mota ta kama kunnensa ta ce, ɗan nan, ka saya wa ubanka abu mai kyau, bayan Salla za mu sake kawo su gaisuwa. A hanyarsa ta dawowa daga Dangora, ya tsaya ya sayo mini tsire. Ya shigo ya ajiye mini a gabana. Wannan shi ne sulhunmu.

Sun sake kawowa kuwa, ba sau ɗaya ba. Yaya Delu ta ƙara damina biyu a duniya, likitoci ba su san dalili ba, ni na sani amma ba su tambaye ni ba. Tsakanin ziyara da ziyara injin yana komawa babban mutum mai magana ƙasa-ƙasa, ina kallon motoci na kifewa shiru. Wannan shi ne abin da na biya, kuma Nasiru ya biya fiye da ni, don bai taɓa ganin kyautarsa ta kwana cikakkiya a gidan ubansa ba.

Bayan rasuwar Yaya Delu, da aka yi addu'ar bakwai, babban ɗanta ya zo da wani ƙunshi cikin zanenta. Ya ce ta bar wasiyya a mai da wa Garbati. Na kafa ta a kusurwarta. Ranar na fara jin iska a fim ba tare da baƙi ba, kuma ban ji daɗinta ba. Ta Yaya Sale ta zo bayan wasu shekaru, da muka kai shi makwancinsa, da tabon rana a gefe ɗaya saboda zaman taga. Ta Ɗanladi ta zo bara waccan, bayan tasa addu'ar bakwai ɗin, a buhun taki, ban kakkaɓe jar ƙasar ba. Uwarku ta sallama tata da kanta tun da aka saya mata kujerar roba. Yanzu in na sa faifan nan, wanda ya yi zane-zane amma injin bai taɓa ƙin karanta shi ba, iska na zagayawa, tsuntsaye na amsa wa juna, tsawa na girgiza kofuna. Masu sayar da faifai sun watse daga kasuwa, ku kuma kowa ya sunkuya a kan wayarsa, amma shuɗiyar fitilar nan tana buɗe ido duk lokacin da na taɓa ta.

Kusurwa ɗaya ce shiru, ta hagu a baya. Nan ne kuka fi damuna. Kowane hutu sai wani cikinku ya ce, Baba, saura guda ɗaya tak, a karɓo ta wurin Gwaggo Hansai mana a huta, sauti ya cika. Na ga yadda sauran ukun suka dawo gidan nan, na san da wace irin mota suke zuwa. Kullum da safe nakan dubi wayar da ke kwance a kusurwar nan babu komai a bakinta, in gode wa Allah.

Saboda haka ga hukunci, kuma na sa hannu. Kada wanda ya je Tudun Wada da niyyar karɓo komai. Wanda yake son jin kogi ya zuba mai a motarsa, ya sayi goro da sabulu, ya je ya durƙusa ya gaida gwaggonsa, ya roƙe ta ta kawo mana shi yini guda. A gaba za ta zauna, da akwatin a cinyarta cikin rigar ulu. Ku bi da ita a hankali wajen ramukan nan na bayan gada, kuma kafin magariba ku mai da su gida su biyun.